Noman ciyawar teku: Matan Zanzibar na shan wahala, masana'antun ƙetare na kwashe riba

Idan ruwa ya janye daga gaɓar ƙauyukan Paje da Jambiani da ke gabashin tsibirin Unguja na Zanzibar, abin da ke bayyana shi ne dogayen layuka na turaku da aka kafa a cikin yashi, an ja igiyoyi a tsakaninsu, wata ciyawa mai kaurin reshe tana lilo a jikin igiyoyin. Mata ne ke zaune a cikin ruwan, wani lokaci ya kai musu ƙugu, suna ɗaure sabon iri ko suna cire wanda ya nuna. Suna da sa'o'i kaɗan kafin ruwan ya dawo ya rufe gonar. A harshen Suwahili ana kiran wannan amfanin gona mwani, wato ciyawar teku, kuma tun 1989 ake nomansa a tsibiran domin sayarwa ƙasashen waje.

A 'yan shekarun nan ciyawar teku ta samu masu yabo da yawa. Bankin Duniya da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatoci suna ambatonta a matsayin noman da ba ya cin ƙasa, ba ya shan ruwan daɗi, ba ya neman taki, alhali yana samar da abinci da kayan masana'anta da aikin yi ga talakawan bakin teku. Wannan yabo yana da tushe. Sai dai fiye da shekara 30 da Zanzibar ta yi a harkar sun nuna cewa sana'ar da ba ta cutar da muhalli tana iya barin mai yinta cikin talauci, kuma ɗorewarta ta rataya ne a kan abubuwa uku da ba su hannun manomi: wanda ke yanka farashi, da ingancin iri, da inda ake sarrafa kayan.

Girman harkar a duniya

Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, sun nuna cewa a 2022 an noma kimanin tan miliyan 36 da rabi na ciyawar teku da dangoginta, a ɗanyen nauyi, wanda darajarsa ta kai wajen dala biliyan 17. A shekarar 2000 abin da duniya ke samarwa bai wuce tan miliyan 12 ba, wato ya ninka sau uku cikin shekara 20 da 'yan kai. Kusan dukkan wannan noma a nahiyar Asiya ake yinsa. Ƙasar Sin ita kaɗai ke da fiye da rabi, Indunusiya na da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, sai Koriya ta Kudu da Filifin da ke biye. Afirka baki ɗayanta ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma mafi yawan ɗan abin da take da shi daga Tanzaniya yake fitowa.

Asiya ta kai wannan matsayi ne ta hanyar bincike. Mutanen Japan sun yi ɗaruruwan shekaru suna noman wata ciyawa da suke kira nori, wadda ake busarwa kamar takarda a naɗe shinkafa da ita, amma ba su san inda irinta ke fitowa ba, don haka amfanin shekara ya dogara ga sa'a. A 1949 wata masaniyar tsirrai ta Jami'ar Manchester a Ingila, Kathleen Drew-Baker, ta gano cewa a wani mataki na rayuwarta ciyawar tana ɓuya a cikin ɓawon ƙananan halittun ruwa. Da wannan ilimi masanan Japan suka fara reno iri a ɗakunan gwaji, noman ya farfaɗo. Har yau mutanen garin Uto suna taron tunawa da ita a ranar 14 ga Afrilun kowace shekara, duk da cewa ba ta taɓa taka ƙasar ba. A Sin kuma, a shekarun 1950, masana ƙarƙashin jagorancin Zeng Chengkui suka ƙirƙiro dabarar noman doguwar ciyawar ruwan sanyi a jikin igiyoyi masu yawo a saman ruwa, dabarar da ta mayar da ƙasar ta ɗaya a duniya.

Nau'in da ake nomawa a Zanzibar yana da nasa tarihin. Kafin shekarun 1970, masana'antun Turai da Amurka suna dogara ne ga ciyawar da ake tsinta a gaɓar Kanada da Ayaland. Da buƙata ta fi ƙarfin abin da ake tsinta, wani malamin Jami'ar Hawai, Maxwell Doty, tare da abokan aikinsa na Filifin, suka gwada noman jar ciyawar ruwan ɗumi a kudancin Filifin, kuma suka yi nasara. Daga can irin ya bazu zuwa Indunusiya da Malesiya da gabashin Afirka.

Kayan da ke cikin kanti ba a san da su ba

Mutumin da bai taɓa ganin teku ba yana iya amfani da ciyawar teku kullum ba tare da ya sani ba. Daga jar ciyawar da ake nomawa a Filifin da Indunusiya da Zanzibar ake tatso wani sinadari mai suna karajinan, wanda ke sa abu ya yi kauri ko ya daskare, ya kuma hana ruwa rabuwa da sauran kayan haɗi. Ana sa shi a man goge baki da askirim da madara mai cakulan da naman gwangwani da man shafawa. A jikin kwalin kaya yakan fito da lamba E407. Akwai kuma agar, mai lamba E406, wanda ɗakunan gwaje-gwajen asibiti ke reno ƙwayoyin cuta a kansa domin gano abin da ke damun majinyaci, tun daga shekarun 1880. Na uku shi ne aljinet, wanda ake samu daga ciyawa mai ruwan ƙasa, likitocin haƙori suna ɗaukar siffar haƙora da shi, ana yin audugar ɗaure miki da maganin ƙwannafi da shi, masaƙu kuma suna kaurara rini da shi wajen buga zane a jikin yadi.

Akwai dalilin da ya sa wannan kasuwa ke da muhimmanci ga ƙasashen Musulmi. Sinadarin jelatin, wanda aka saba daskarar da alawa da yin kwanson magani da shi, daga fata da ƙashin dabbobi ake samunsa, kuma kaso mai yawa na wanda ke kasuwar duniya daga alade yake. Agar da karajinan daga tsiro suke, don haka masu neman shaidar halal da masu ƙin cin nama sukan koma gare su.

Bayan waɗannan tsofaffin kasuwanni, akwai sababbi da ake hange. Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa kasuwanni goma masu tasowa, da suka haɗa da ruwan ƙarfafa shuka da abincin dabbobi da magunguna da madadin leda, za su iya ƙara darajar da ta kai dala biliyan 11.8 kafin 2030. Kamfanin Notpla na Landan, wanda ke yin mazubin abinci daga ciyawar teku, ya samu kyautar Earthshot a 2022. A Ostireliya, binciken hukumar kimiyya ta ƙasar ya nuna cewa ɗan kaɗan na wata jar ciyawa mai suna Asparagopsis a cikin abincin shanu yana rage iskar metan da suke fitarwa ta gyatsa da kaso mai yawa, a wasu gwaje-gwajen fiye da kashi 80 cikin 100. Hasashe ne dai mafi yawan wannan, kuma har yanzu abinci da sinadaran kaurarawa ne ke ɗauke da kasuwar.

Abin da mwani ya yi wa matan Zanzibar

Farfesa Keto Mshigeni na Jami'ar Darussalam ya fara kiran a noma ciyawar teku a Tanzaniya tun shekarun 1970. A 1989 kamfanoni masu zaman kansu suka shigo da iri daga Filifin suka fara raba wa mazauna gabashin Unguja. Nau'i biyu ne, waɗanda 'yan kasuwa ke kira kotoni da sipinosum. Aikin ba ya buƙatar jari mai yawa: turaku, da igiyar nailan, da zaren ɗauri, da reshen ciyawa da aka yanko daga amfanin baya. Bayan mako shida ana girbi, a shanya kwana biyu ko uku a rana, a kai wa wakilin kamfani ya auna a sikeli.

Maza sun gwada da farko, da yawansu suka koma kamun kifi da aikin otal inda kuɗi ya fi zuwa da wuri. Mata suka riƙe sana'ar, domin gonar tana kusa da gida, a ruwan da ake shiga da ƙafa, kuma lokacin aikin yana bin janyewar ruwa, wanda ke ba su damar haɗa shi da hidimar gida. A yau ana ƙiyasta masu noman da kimanin mutum 25,000, wajen kashi 80 cikin 100 mata ne. Abin da ake samarwa ya tashi daga kusan tan 800 na busasshiyar ciyawa a 1990 zuwa sama da tan 15,000 a 2012, kuma tsibirin Pemba ne ya zo ya fi Unguja yawan noma. Ciyawar teku ta shiga sahun manyan hanyoyin samun kuɗin waje na tsibiran, bayan yawon buɗe ido da kanumfari.

Tasirin a cikin gida ya fi abin da alƙaluma ke nunawa. A al'ummar da kusan dukkanta Musulmi ce, inda a da matan karkara ba su cika riƙe kuɗin kansu ba, mwani ya ba dubban mata abin da suke biyan kuɗin makarantar yara da shi, su sayi sutura da kayan ɗaki, su gyara rufin gida, su shiga adashi. Masu binciken da suka bi harkar, irin su Dokta Flower Msuya wadda ta daɗe tana aiki a Cibiyar Nazarin Kimiyyar Teku da ke Zanzibar, sun rubuta yadda hakan ya ƙara wa mata murya a shawarwarin gida da na gari.

Amma aikin yana cin jiki. Wani nazari da masu bincike na Jami'ar Stockholm suka wallafa a 2012 ya gano cewa manoman ciyawar teku sun fi sauran matan ƙauyukan fama da ciwon baya da ciwon ido da matsalar numfashi da ƙaiƙayin fata, ga raunukan da halittun ruwa masu ƙaya ke ji musu. Dalilan a fili suke: doguwar sunkuyawa a cikin ruwan gishiri, hasken rana da ke dawowa daga ruwa zuwa ido, ɗaukar jiƙaƙƙen kaya mai nauyi a ka zuwa tudu, da ajiye busasshiyar ciyawa a ɗakin kwana. Kuma yawancin nauyin da mace ke ɗaukowa ruwa ne, domin bayan shanya abin da ke saura bai fi kashi ɗaya cikin takwas ko goma ba.

Wa ke yanka farashi?

A nan ne maganar Bahaushe ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ta dace da harkar. Shekara da shekaru kuɗin kilo ɗaya na busasshen sipinosum a hannun manomiya bai kai rabin dalar Amurka ba, alhali garin karajinan da aka tace ana sayar da kilonsa a kan daloli masu yawa. Kusan dukkan abin da Zanzibar ta noma tun 1989 a ɗanye ya fita, an matse shi diloli an loda a jirgi zuwa masana'antun Denmak da Amurka da Faransa da Sin. Aikin da ke ƙara daraja, da albashin injiniyoyi, da harajin masana'anta, duk a can suke tsayawa.

Tsarin kasuwar ne ya haifar da haka. Masu noma dubbai ne, masu saye a cikin gida 'yan kaɗan ne, masu tacewa a duniya kuma sun fi su ƙaranci. A shekarun farko kamfani ne ke ba manomi igiya da iri kyauta, da sharaɗin shi kaɗai za a sayar wa, a farashin da ya yanka. Daga baya aka sassauta wannan tsari domin manomi ya sayar wa wanda ya ga dama, sai kamfanoni da yawa suka daina ba da kayan aiki. Manomiya ta samu 'yancin zaɓar mai saye, ta kuma ɗauki nauyin sayen igiya, alhali yawan masu sayen bai ƙaru yadda za su yi gasar da za ta ɗaga farashi sosai ba. Macen da ke buƙatar kuɗin cefane a yau ba ta da ƙarfin riƙe kaya ta jira kasuwa ta gyaru, kuma ba ta da wata kasuwar da za ta kai, tunda mutanen tsibiran ba su saba cin ciyawar da yawa ba.

Nisa ma yana rage wa Zanzibar ƙarfi. Indunusiya da Filifin suna kusa da masana'antun Sin, kuma abin da suke nomawa ya ninka na gabashin Afirka sau da yawa, don haka a can ake tsayar da farashin duniya. Ko su ɗin ba su tsira ba. A 2022 farashin kotoni ya yi tashin gwauron zabo a Indunusiya, mutane suka ruga noma, a shekarar da ta biyo ya faɗi ƙasa warwas. Indunusiya, wadda ita ce ta ɗaya a noman ciyawar karajinan, har yanzu tana fitar da kaso mai yawa nata a ɗanye zuwa Sin, abin da ya sa gwamnatinta ke maganar sanya ciyawar teku cikin jerin kayan da dole a sarrafa a gida, kamar yadda ta yi wa ma'adinin nikel da ta hana fitar da ɗanyensa tun farkon 2020.

Ruwa ya yi zafi, iri ya gaji

Matsala ta biyu daga yanayi take. Kotoni, wanda kuɗinsa ya kai ninki biyu na sipinosum ko fiye, yana son ruwan da zafinsa bai wuce digiri 30 ba. A wuraren da ruwa ba shi da zurfi, inda mata ke noma, an auna zafin da ya kai digiri 37 zuwa 38 a lokacin bazara. Idan ciyawar ta galabaita, rassanta sukan yi fari su yi laushi su karye, cutar da manoman Filifin suka sa wa suna ais-ais saboda kamarta da ƙanƙara. Wasu ƙananan tsirrai kuma sukan manne a jikinta su hana ta girma. Tun farkon shekarun 2000 kotoni ya fara mutuwa a gonakin Unguja, har ya zama kusan dukkan abin da Zanzibar ke fitarwa a yanzu sipinosum ne mai arha. A ƙauyuka irin su Paje mata da dama sun bar sana'ar sun koma ƙananan sana'o'in da ke bin masu yawon buɗe ido, ga kuma otal-otal da masu wasannin ruwa da ke gogayya da su a kan gaɓar.

Ƙarancin nau'in iri ya ƙara tsananta lamarin. Da yake reshe ake yankowa a sake dasawa, gonakin ƙasashe da yawa 'ya'yan tsirrai ƙalilan ne da aka ɗebo daga Filifin shekaru da dama da suka wuce. Duk manomin rogo ko rake ya san abin da ke faruwa idan aka daɗe ana dasa abu ɗaya ba a sabunta ba: ƙarfinsa yakan ragu, cuta ɗaya kuma takan share gonaki gaba ɗaya. Wata takardar shawara da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2016 ta ƙiyasta cewa cututtuka sun jawo wa Filifin asarar da ta kai dala miliyan 310 tsakanin 2011 da 2013. Japan da Koriya ta Kudu da Sin suna da cibiyoyin reno iri da gwamnati ke tallafawa. Manoman ruwan ɗumi, waɗanda su ne mafi talauci a harkar, ba su samu irin wannan gata ba.

Maganin da masana ke bayarwa shi ne a matsa da gonaki zuwa ruwa mai zurfi inda ya fi sanyi, a yi amfani da igiyoyi masu yawo ko ragar da aka ɗinka kamar bututu. Gwaje-gwaje sun nuna kotoni yana rayuwa a can. Sai dai wannan yana buƙatar kwalekwale da inji da man fetur da iya iyo, kuma yawancin matan ba su da ko ɗaya daga ciki. Akwai shirye-shiryen da ke koya wa mata iyo da tuƙin jirgi, amma idan ba su yaɗu ba, akwai fargabar cewa da zarar sana'ar ta koma mai riba a ruwa mai zurfi, za ta fice daga hannun matan da suka raine ta lokacin da ba ta da daraja.

Yabon da ke buƙatar awo

Ta fuskar muhalli, noman ciyawar teku ya fi yawancin kiwon ruwa sauƙin illa. Ba a zuba masa abinci kamar kifi, kuma yana tsotse sinadaran taki da ke kwarara daga gonaki da birane zuwa teku. Duk da haka yana da nasa tabo. A Zanzibar ana saro turaku daga itatuwan bakin teku, kuma tattaki da inuwar gonaki suna rage ciyayin ƙarƙashin ruwa da ƙananan kifaye ke fakewa a ciki. A Hawai da mashigin Mannar na Indiya, kotonin da aka shigo da shi ya tsere daga gonaki ya lulluɓe murjani. A 2008, gab da wasannin Olamfik, koriyar ciyawa ta rufe gaɓar birnin Qingdao na Sin har sai da aka fito da dubban mutane su kwashe, kuma bincike ya danganta asalinta da gonakin nori na lardin Jiangsu.

Haka nan maganar cewa ciyawar teku za ta magance ɗumamar yanayi tana buƙatar taka tsantsan. Gaskiya ne tana zuƙar iskar kabon yayin girma, amma idan aka ci ta ko ta ruɓe, iskar takan koma inda ta fito. Kamfanin Running Tide na Amurka, wanda ya tara jari a kan alƙawarin nutsar da kabon a ƙarƙashin teku ya sayar wa manyan kamfanoni shaidar hakan, ya rufe a 2024. Gwamnatin da za ta gina tsarinta a kan kuɗin kabon tana gini ne a kan abin da masana ba su gama tantancewa ba.

Masana'anta a gida, da abin lura ga Najeriya

Hukumomin Zanzibar sun fahimci inda gizo ke saƙa. Tun 2006 wata haɗakar manoma da masana da jami'an gwamnati ta fara koya wa ƙungiyoyin mata yin sabulu da man shafawa da garin ciyawa da ake zubawa a abinci, kayan da kuɗinsu ya ninka na ɗanyar ciyawa sau da yawa. Sai dai kasuwarsu ƙarama ce, galibi masu yawon buɗe ido, kuma ba ta iya shanye dubban tan. Bayan hawan Shugaba Hussein Ali Mwinyi a 2020, an kafa ma'aikata ta musamman mai kula da tattalin arzikin teku da kamun kifi, gwamnati kuma ta ɗauki aikin gina masana'antar karajinan a Chamanangwe da ke Pemba.

Gina masana'anta shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Tace karajinan yana shan ruwan daɗi da wutar lantarki da sinadarai masu yawa, yana kuma fitar da gurɓataccen ruwa da dole a san yadda za a yi da shi. Manyan kamfanonin abinci ba sa sauya mai kawo musu kaya sai sun tabbatar da ingancinsa ba ya canzawa daga wannan lodi zuwa wancan. Kuma masana'antar gida ba ta zama alheri ga manomiya sai idan ta biya fiye da abin da 'yan kasuwa ke biya. Idan ta zama ita kaɗai ce mai saye, an sauya wa tuwo suna ne kawai. Ma'aunin nasararta shi ne kuɗin da ke shiga hannun mace a gaban sikeli.

Najeriya ta kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa a watan Agustan 2023, kuma tana da gaɓar da ta kai kilomita 853. Wannan bai sa ta zama Zanzibar ba. Kotoni da sipinosum suna son ruwa garau mai cikakken gishiri, a wurin da murjani ya tare ƙarfin igiyar ruwa. Gaɓar Najeriya tana da igiyar ruwa mai ƙarfi, kogunan Neja Delta suna rage gishirin ruwan suna kawo laka, ga malalar mai a wasu yankunan. Ciyawar tekun da masuntan yankin suka fi sani ita ce sargasum, wadda tun 2011 ke taruwa a gaɓar Afirka ta Yamma tana cika taru tana hana kamun kifi. Duk wani shiri na noma zai buƙaci Cibiyar Binciken Teku ta Najeriya da ke Legas ta fara tantance nau'in da ya dace da ruwan ƙasar, kafin a kira mutane su zuba jari ko a shigo da baƙon iri.

Darasin da ya fi kusa da 'yan kasuwar Arewa yana cikin kayan da suka riga suka sani. Ƙaro, wanda ake tsinta a Borno da Yobe da Jigawa, ɗan gida ɗaya ne da karajinan a idon masana'antun abinci, lambarsa E414. Sudan da Chadi da Najeriya ne ke samar da mafi yawansa, amma Faransa, wadda ba ta da bishiyar ko ɗaya a daji, tana kan gaba wajen tace shi da sayar wa duniya. Mai tsintar ƙaro a Yobe da mai ɗaure mwani a Pemba suna mataki ɗaya a kasuwa: su ne mafi yawa, su ne mafi wahala, kuma su ne na ƙarshe da ke jin labarin farashi.

Buƙatar ciyawar teku za ta ci gaba da ƙaruwa, kuma gabashin Afirka na da ruwa da hannayen da za su noma ta. Abin da shekarun Zanzibar suka nuna shi ne cewa ƙasar da ke son cin moriyar harkar sai ta kashe kuɗi a kan cibiyar reno iri mai jure zafi, ta ba ƙungiyoyin manoma wurin shanya da sito da bashin da zai ba su damar jiran kasuwa, ta bayyana farashin duniya a fili, ta kuma tabbatar wa mata haƙƙinsu a kan filayen ruwan da suke nomawa kafin masu otal da masu manyan jiragen ruwa su riga su. Asiya ta yi shekara 70 tana irin wannan aiki kafin ta kai inda take. Ga matan Paje da Jambiani da Pemba, sakamakon zai bayyana ne a ranar da kilo ɗaya na mwani ya isa sayen kilo ɗaya na shinkafa har a samu canji.